Wa Zai Sallami Mai Korar Tsuntsaye?

Zuwa ga Uwata, mai sunan mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da karatunki da sanyin garin nan naku da ake ba mu labari. In kin tambayi tawa lafiyar, alhamdu lillahi, ina ci ina sha. Gwiwar hagu ce kawai take yi mini gardama da safe, kunnuwa kuwa kin san jirage sun daɗe da cinye rabinsu. Uwarki ma lafiya lau, bakinta ya fi ko'ina lafiya. Maƙwabcina Kwana-kwana ne ke riƙe da biro, ni ke da baki. Na ja masa kunne ya rubuta yadda na faɗa, kada ya yi mini gyara, don tun yana aikin kashe gobara a filin jirgin nan ya saba zuba ruwa inda ba a sa shi ba.

Wayar hannun da kika aiko ta iso, tana cikin kwalinta a ƙarƙashin gado. Ba na jin abin da ake faɗa a cikinta, kuma maganar da iska ta kwashe ba ta da shaida. Ta gidan waya zan riƙa aiko miki, da kan sarkin ƙasata a manne. In ta yi jinkiri ki yi haƙuri, gidan wayar ma ya tsufa.

Ga abin da ya sa na tashi Kwana-kwana daga barcin rana. Kin san tun kafin a yi auren uwarki nake korar tsuntsaye a titin jirgi. Ranar da aka ɗauke ni, wani babban ma'aikaci ne mai hula da tambarin ƙasa a goshi ya kama hannuna, ya danƙa mini usur da jar tuta. Ya ce, "Daga yau ran duk wanda ke cikin jirgi yana wuyanka, don balbela ɗaya in ta faɗa injin, sai dai addu'a." Na ce na ɗauka. Tun daga ranar, rana ba ta taɓa riga ni zuwa filin nan ba.

To an ce an ba wani kamfani na ƙetare filin. Suka sake fenti, suka sake fitilu, ban ce komai ba. Suka kawo wata mota mai lasifika a ka, tana yawo tana kukan shaho. Tsuntsayen kuma, munafukai, suna gudunta fiye da yadda suke guduna. Wannan ma na haɗiye. Sai ga wani matashi da igiya a wuya ya miƙo mini takarda ta tagar mota, ko injin bai kashe ba. Kwana-kwana ya karanta, wai aikina ya ƙare. Na ce wa ya sa hannu? Ya juya ta gaba da baya, ya ce babu hannun kowa, sai sunan kamfani.

Na wanke rigata na tafi ma'aikatar sufuri. Na tarar da akawu yana cin gyaɗa a kan teburi. Na ce masa, "Ina Gwamnati?"

Ya yi dariya ya ce, "Baba, ai duk nan gwamnati ce."

Na ce, "To ta fito ta sallame ni, ita ta ɗauke ni."

Ya ce, "Filin ba ya hannunmu yanzu."

Na ce, "Sai yaushe zai dawo?"

Ya ce, "Baba, ni da kai dai ba za mu gani ba."

Saboda haka ni ban san an kore ni ba. Sun karɓe katina na shiga, amma akwai inda wayar shinge ta ɓalle a bayan tsohon gidan mai, ta nan nake bi kullum da tutata. Uwarki ta ce in kwashe kayana in koma ɗakin da ke zauren gidanta. Gidan da mijinta ya ari tsanina ya mutu bai dawo da shi ba! Allah ya jiƙansa, amma tsanin nawa ne.

An ce karatun ƙasashe da gwamnatoci kike yi. To ki gaya mini, ina tawa ta shiga? Ki amsa da Hausar da zan gane.

Kawunki, mai korar tsuntsaye har gobe.

*

Zuwa ga Kawuna,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka gaisuwar girma, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Ka riƙa gasa ta da ruwan ɗumi kafin ka taka. A gaida Baba Kwana-kwana, a ce na gode da aron hannu, kuma na ga alamar bai taɓa maganarka ba ko kaɗan, don muryarka nake ji ina karantawa. Ni lafiya ƙalau. Da rana ina makaranta, da yamma ina aiki a gidan kula da tsofaffi.

Kawu, tambayarka ita ce malamanmu suke ta kai ruwa rana a kanta. Suna kiran abin dunƙulewar duniya, wato kaya da dukiya da labari da kamfanoni suna ratsa iyakokin ƙasashe kamar babu iyakar. Wasu malaman suna cewa ƙasa mai gwamnatinta da tutarta ta fara ƙarewa, kamfanoni sun fi ta ƙarfi. Wasu suna cewa tana nan daram, aiki kawai ta sake. A dā ita ce mai fili, mai jirgi, mai ruwa, mai wuta, ita ce uwar ma'aikaci. Yanzu ta miƙa waɗannan, ta riƙe ƙofa da doka.

Ni na fi karkata ga na biyun, don na gani a jikina. Ranar da na sauka a nan, na tsaya a layi har ƙafata ta yi tsami, ana juya fasfona ana kallon fuskata. Ta gefen gilashi kuwa ina hango akwatunan kaya daga ƙasashe daban-daban suna wucewa a kan bel, ba mai tambayar su wa suka zo gani. A wurin aikinmu, zanin gado daga wata ƙasa yake, magani daga wata, mu masu aikin kowa da harshensa. Amma ranar da takardar zamana ta kusa ƙarewa, ba kamfani ne ya hana ni sukuni ba, gwamnati ce.

Don haka gwamnatinka ba ta ɓata ba, Kawu. Tana nan, sai dai wanda ya kama hannunka a wancan lokacin, kujerarsa ce babu ita yanzu. Ba wanda zai fito ya sallame ka, don babu wanda aka bar wa wannan aikin.

Na amsa taka, ga tawa. Don Allah don Annabi ka daina bin ramin shingen nan. Filin jirgi na yanzu ba na dā ba ne, masu gadinsa ba su san ka ba. In suka hango mutum a bakin titi da abu a hannu, ba za su tsaya tambayar tarihinsa ba. Inna ta ce ta share ɗakin, ta sa labule. Maganar tsani kuwa, in na dawo ni zan sayo maka wanda ya fi shi tsawo.

'Yarka mai ƙaunarka.

*

Uwata,

Sallama da gaisuwa. Takardarki ta iso bayan na fid da rai. Lafiyata lau, gwiwa tana nan da halinta, ruwan ɗumin naki bai burge ta ba. Uwarki ta yi mura ta warke.

Na sa an karanta mini bayaninki, na sa an maimaita. Ashe har malaman naku ba su san inda Gwamnati ta shiga ba, shi ne ake ta tara ku a aji? Da sun zo sun tambaye ni da na rage musu hanya. Kuma na ji wai tsofaffi kike kula da su. Madalla. Naki tsohon yana nan yana ɗaura wa gwiwarsa tsumma da kansa, ke kina can kina gyara wa na wasu matashin kai. Ban ce komai ba, faɗa kawai na yi. Kwana-kwana ya ce in cire wannan, na ce ya rubuta.

Kin ce ta riƙe ƙofa. To na je ƙofar. Akwai mai buga hatimi a fasfo, shi kaɗai ya rage a ginin nan da tambarin ƙasa a kafaɗa, na san ubansa. Na tare shi yana sayen shayi a waje. Na ce, "Kai ne Gwamnatin da ta rage, ka sallame ni." Ya ajiye kofi ya kama hannuna biyu, ya ce, "Baba, kujerar da nake zama a kai ma ta kamfani ce. In fitilar ofishina ta mutu, su nake roƙo." Na ji tausayinsa har na manta abin da ya kawo ni.

Ki fahimce ni, Uwata, don uwarki ta kasa. Ita gani take taurin kai ne. Ba aikin nake wa kwaɗayi ba, na san ƙafata ta gaji. Amana aka ba ni hannu da hannu. In na ajiye ta don takardar da ba ta da mai ita, gobe wani abu ya faɗa injin jirgi, ranar tsayuwa aka tambaye ni wa ya ce ka tafi, me zan ce? In ce tagar mota? Mutum nake nema mai fuska, wanda yake da iko da filin nan, ya ce mini, wane, ka yi aikinka, mun karɓa, je ka huta. Shi ke nan fa. Ko minti ɗaya ba zai ci masa ba.

Game da masu gadi, kada ki damu. Ina shiga tun suna hamma, in tsaya can ƙarshen titi wajen dogayen ciyayi inda motar shahon take jinkirin zuwa. Ba su taɓa ganina ba.

Yanzu ga aike. Kwana-kwana ya duba ƙasan takardar nan tasu, ya ce adireshin uwar kamfanin a ƙasar da kike yake. Na sa ya kwafe miki a baya. Ki shirya ki je, ki sa kayan mutunci, ki nemi mai kamfanin da kansa. Ki ce masa kawunki ne ya aiko ki. In ya ce na tafi, ki kalli idonsa ki tabbata da gaske yake, ki rubuto mini kamanninsa. Zan karɓa.

Kawunki.

*

Kawuna,

Ina gaisuwa, ina kuma roƙon Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Ni lafiya, sai ɗan tari da sanyi ya jawo. Maganar tsofaffin wasu ta shige ni, kuma ban ce ba ka da gaskiya ba.

Na je aikenka. Na hau jirgin ƙasa da kayan mutunci kamar yadda ka ce. Ginin dogo ne na gilashi, na hau har bene na sama. Abin da na tarar ƙofa ɗaya ce, a jikinta an jera sunayen kamfanoni kamar jerin sunayen 'yan aji, naku yana can wajen ƙasa. A ciki mace ɗaya ce da tukunyar fure. Na ce ina neman mai kamfanin. Ta ce ita wasiƙu kawai take karɓa. Na ce wa take miƙa wa? Ta ce wani ofishin lauyoyi a wata ƙasar. Da na ba ta labarinka sai ta ce mahaifinta ma direban jirgin ƙasa ne kafin a sayar da layinsu. Ta ba ni ruwa, ta raka ni har bakin lif, na'urar sauka daga bene.

Ban haƙura ba, na shiga ɗakin karatu na bi sawun abin. Kamfanin da ke filinku na wani kamfani ne, shi ma wancan na wasu ne da suka haɗa hannu. Babu mutum ɗaya da za a nuna a ce ga mai shi. Cikin masu hannun har da asusun fansho na ma'aikatan ƙasar nan, wato inda ake tara abin da ake yanka daga albashin ma'aikaci don ranar tsufansa. Asusun ne yake sayen rabo a filayen jirgi da tashoshin ruwa na ƙasashe, abin da aka samu a biya 'yan fansho.

Kawu, da na ga sunan asusun sai da na dafe teburi. Shi ne wanda ake yankar nawa albashin ana zubawa a ciki. Tsofaffin da nake yi wa shimfiɗa, da shi suke ci. Ka ga in aka bi diddigi, ni ma ina cikin masu filin da aka kore ka daga cikinsa, ban sani ba, ba a kuma tambaye ni ba. Wannan shi ne abin da nake karantawa a littafi, yau ga shi ya shigo har cikin gidanmu.

Na gaya maka ne don ka ga babu fuskar da kake nema. Ka bar shingen nan, Kawu.

'Yarka.

*

Kawuna,

Gaisuwa da fatan alheri. Sanyi ya wuce, itatuwa sun yi ganye, ban ga amsarka ba. Kullum na dawo sai na buɗe akwatin wasiƙu, in tarar da tallan kantuna. Na ce ko gidan waya ne, sai Inna ta gaya mini takardata ta daɗe da isowa, an karanta maka, ka tashi ka shige ɗaki. Ta ce ko sunana aka ambata sai ka juya mata kunnen da ba ya ji.

Jiya kuma ta kira ni tana kuka, wai an kama ka a filin, an tafi da kai, sai yamma aka sako ka. Ta ce ka hana a gaya mini. Kawu, in laifi na yi ka faɗa mini shi, ka zage ni ma in ka so, na saba. Shirun nan ne ba zan iya ba. Sun taɓa ka? Ka ci abinci? Baba Kwana-kwana, in kai ke karanta masa, don Allah ka ɗaga murya a nan: ina jiran amsa.

'Yarka da ba ta da wani kawun.

*

Zuwa ga Hajiya mai filin jirgi,

Ranki ya daɗe. Talakanki yana gaisuwa. Lafiyata lau, ba wanda ya taɓa ni, kuma na ci abinci, tunda an tambaya.

Ashe shi ya sa tun farko ake ta ce mini in bar shinge, in bar shinge. Ni ina ta yawo ofis-ofis da gwiwa ɗaya ina neman mai fili, ashe mai fili a bayana na goya ta. Ni na riƙa ɗora ki a wuya ina nuna miki jirgi ta saman shingen nan, kina ja mini kunne kina ihu. Da na san duba kayanki kike yi da na sauke ki. Kwana-kwana ya ce ban fahimci takardar ba, wai rabonki bai taka kara ya karya ba. Na ce masa ta ce tana ciki ko ba ta ce ba? Ya ce ta ce. Na ce to rubuta.

Tunda uwarki ta riga ta kwance mini zani, ga yadda aka yi. Ina tsaye wajen ciyayi, shamuwa sun sauko, na ɗaga tuta ke nan sai ga motar masu gadi. Ba su yi mini rashin kunya ba, gaskiya. Suka sa ni a ɗakinsu mai sanyi, ɗayan har ya ba ni kujerarsa. Suka ce dole su kira 'yan sanda, haka dokarsu ta ce.

Uwata, da ɗan sandan ya shigo, na ga hularsa da tambarin ƙasa a goshi, irin na wanda ya ɗauke ni aiki sak, wallahi sai da na miƙe tsaye. Na ce a raina, yau dai ga Gwamnati ta zo. Na gyara riga, na riƙe usur da tuta a hannu biyu don in miƙa.

Ya ce, "Baba, ka san ka shiga wurin da ba naka ba?"

Na ce, "Wa ya aiko ka?"

Ya ce, "Kamfani ne ya kira."

Na ce, "Ba komai, tunda ka zo. Ga kayan aikinku, ka karɓa ka sallame ni."

Ya kalli tutar ya kalle ni. Ya ce, "Baba, ni kamu aka ɗauke ni in yi, ba sallama ba."

Suka kai ni ofishinsu na wuni a kan benci. Da za su sake ni, babbansu ya ce don furfurata ya bar ni yau, amma in aka sake ganina a ciki, kotu ce, daga nan gidan yari, kuma ba ruwansa. Na dawo da tutata a hammata. Kin yi gaskiya, Gwamnati tana nan ba ta mutu ba. Na gan ta da idona. Ta san hanyar filin sarai, in kamfani ne ya kira.

Na yi kwanaki ina jin haushinki. Da haushin ya gaji ya kwanta, sai na yi wani tunani. Na nemi mai fuska, mai iko da fili. An ce babu. Ke kuma da bakinki kin ce kina ciki. To fuskarki na san ta tun tana da majina. Saboda haka ga magana ɗaya: in ke mai fili ce, ki sallame ni da hannunki, ki sa sunanki a ƙasa. In kuma ba za ki iya ba, ki faɗa, in san amanar tana wuyana har yanzu. Damina ta kusa, tsuntsaye za su yi yawa, kuma ramin da suka toshe ba shi kaɗai na sani ba. Zan jira amsarki, amma ba zan jira ta wuce ruwan farko ba.

Ma'aikacinki, in kin yarda. Kawunki, ko ba ki yarda ba.

*

Kawuna,

Na gode wa Allah da ka amsa, ko da faɗa ne. Lafiyata lau yanzu da na ga takardarka. Wannan ba ta gidan waya za ta zo ba, ka yafe mini, na ba wata mai tafiya gida ta kai wa Inna hannu da hannu, don ina tsoron ruwa ya riga ta.

Na zauna na rubuta maka dogon bayani a kan yadda rabon nawa yake, da abin da malamai za su ce game da shi. Na karanta na yaga. Abin da na sani shi ne guminka ya shiga filin nan, nawa gumin ma ta wata hanya ya shiga, kuma duk cikin masu shi, daga sama har ƙasa, ni kaɗai ce na san sunanka. In ban faɗa ba, babu mai faɗa. Baba Kwana-kwana, a karanta wannan a tsaye.

Ni, ɗaya daga cikin masu filin jirgi, ina shaida cewa mai korar tsuntsaye ya riƙe amanar da aka danƙa masa tun yana saurayi har ya yi furfura. Rana ba ta riga shi fita ba, ruwa bai mai da shi gida ba. Dubban mutane sun tashi sun sauka lafiya ba su san da shi ba, ni ma ina cikinsu. Mun karɓi amanarmu cikakkiya, babu abin da ya rage a wuyansa, duniya da lahira. Daga yau duk abin da ya faru a titin nan, mu za a tambaya. Mun sallame shi da godiya. Kawu, sannu da aiki. Je ka huta.

Usur da tuta a miƙa wa Inna, ita ce wakiliyata.

Na sa hannu da cikakken sunana a ƙasa, ka sa a nuna maka.

'Yarka, Uwarka.

*

Uwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina sa miki albarka. Lafiya lau nake, gwiwa ma ta ɗan saki tunda ta daina sunkuyawa a ƙarƙashin waya.

Takarda ta iso, hadari yana haɗuwa. Ba ta da kan sarki, wannan kuskure ne, amma na duba girman mai aikowa na kau da kai. Kwana-kwana ya karanta a tsaye kamar yadda aka umarta, ni ma a tsaye na saurara. Da ya kai wajen duniya da lahira sai ya tsaya yana goge ido, ya ce wai ƙura ce. Na ce tsohon banza, ƙarasa mini. Ya nuna mini sunanki, na ɗora yatsa a kai. Hannunki ya fi na akawun ma'aikata kyau.

Na miƙa wa uwarki kayan aiki. Ta sa hannu ɗaya za ta karɓa tana riƙe da ludayi, na ce ajiye, da hannu biyu ake karɓar kayan gwamnati. Ta ce ai ba na gwamnati ba ne yanzu. Na ce ko na wane ne, ajiye ludayin. Ta ajiye.

Na tare a ɗakin zauren. Labulen da ta sa mai furanni ne kamar na amarya, katifar kuma ta yi laushi da yawa, bayana bai saba ba. Ta fiye gishiri a miya, tun tana yarinya haka take. Kwana-kwana yana zuwa a keke mu yi hira, shi ma an ce unguwar ma'aikatan da na baro shi a ciki za a rushe ta, amma shi ba ya tambayar kowa komai, irinsu ne suka lalata ƙasar.

Kada ki ɗauka ban san girman rabonki ba. Ba a kanki aka fara wayo ba. Amma ko cokali ɗaya ne naki a cikin tukunyar, da bakinki kika ce kin ɗauke mini, kuma na ji nauyin ya sauka. Yanzu yana wuyanki, ki san yadda za ki yi da shi a karatun naki.

Har yanzu ina farkawa da asuba. Shekaranjiya bayan an ɗauke ruwa na fito da kujera ƙofar gida. Akwai wani fili a gaban gidan inda ruwa ke kwanciya, sai ga balbelu sun sauko, sun fi a ƙirga. Hannuna ya tashi da kansa, bakina ya buɗe zan yi ihu. Sai na tuna an sallame ni. Na mai da hannun kan gwiwa, na zauna ina kallonsu. Ɗaya ta matso har kusa da ƙafata, tana ɗaga ƙafa a hankali kamar mai tsoron ɓata takalmi, fara fat, ko ɗigon laka babu a jikinta. Uwata, shekarun nan duka bayansu kawai nake gani suna gudu. Ashe balbela kyakkyawa ce haka?

Na daɗe a wurin har shayina ya huce, uwarki tana ta mita daga ciki.

Ki ci abinci, ki rufe ƙirjinki saboda tarin nan. Allah ya yi miki albarka, ya dawo mana da ke lafiya.

Kawunki, mai hutawa.